Yi wa kenel faci tana kan aiki: tsayar da inji, tarkon int3, livepatch, ko a sake kunnawa kawai?

Manhaja idan ta sami matsala, rufe ta ake yi, a sabunta, a sake buɗewa. Kenel ba haka take ba. Ita ke raba memori da lokacin furosesa da diski da hanyar sadarwa ga duk abin da ke gudana a kwamfuta, don haka rufe ta daidai yake da kashe komai. Ranar da aka bayyana wata ɓaraka ta tsaro a Linux, mai kula da saba yana tsakanin abu biyu: ko ya sake kunna na'urar da sabuwar kenel, masu amfani su jira, ko kuma ya sauya umarnin da ke cikin memori alhali furosesoshi na kan karanta su. Hanya ta biyu tana yiwuwa, an kuma daɗe ana yin ta. Amma salo-salo ce, kuma wanda ya ɗauki wadda ba ta dace da shi ba zai gwammace da tun farko ya sake kunnawa.

Tambayoyi uku ake cakuɗawa a nan, gara a raba su. Yaya za a rubuta sabbin bayit a kan tsoffi ba tare da wata furosesa ta karanta rabi da rabi ba? Wane lokaci ne za a ce wa kowace ɗawainiya, wato kowane aiki da ke gudana, ta bar tsohon fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira, ta koma sabo? Kuma wa ya rubuta facin, ya tabbatar ma'anarsa daidai take? Ta farko an gama warware ta a cikin kenel. Ta biyu tana da amsoshi masu gasa da juna. Ta uku ita ce ke yawan kayar da mutane.

Rubuta bayit biyar

A x86-64, umarnin tsalle zuwa wani adireshi bayit biyar ne: E9 sai bayit huɗu na nisa. Kira ma haka, E8 da huɗu. Ka ce to mene ne wahalar rubuta bayit biyar?

Da farko, shafukan da kod ɗin kenel ke ciki ba su karɓar rubutu. Tsohuwar dabarar da ke yawo a tsakanin masu rubuta modul, wato ƙarin kod da ake lodawa cikin kenel, ita ce a kashe tutar WP mai hana rubutu a rajistar CR0 ta furosesa, a yi rubutun, a mayar. Kada ka yi. Tun daga Linux 5.3 fankshin ɗin da ke rubuta CR0 yana mayar da tutar da kansa ya kuma yi gargaɗi, kuma ko ka zagaye shi, a ɗan tsakanin nan duk wani kod da ya gudana a wannan furosesar yana iya rubutu a inda bai kamata ba. Abin da kenel ke yi, ta hanyar text_poke, ya fi tsafta: tun 5.2 tana buɗe wa shafin wata ƙofa ta wucin gadi a cikin taswirar memori da furosesar mai rubutu kaɗai ke gani, ta yi rubutun da katsewa (saƙonnin da ke katse furosesa a tsakiyar aiki) a kashe, ta rufe ƙofar. Duk wannan a ƙarƙashin kullen text_mutex, don kada masu faci biyu su haɗu a wuri guda.

Na biyu ya fi zurfi. Furosesa ba ta karanta umarni ɗaya ta aiwatar sannan ta ɗauko na gaba. Tana ɗebo bayit da yawa tun da wuri, ta fassara su, ta ajiye. Idan furosesa ta 3 na sauya bayit ɗin da furosesa ta 7 ta riga ta ɗebi rabinsu, ta 7 na iya haɗa bayit biyu na tsohon umarni da uku na sabo ta aiwatar da wani abu da ba wanda ya rubuta. Littafin Intel na masu shirya manhaja ya fayyace ƙa'idar: furosesar da za ta aiwatar da kod ɗin da wata ta sauya dole ta fara ratsa umarni mai share abin da ta ɗebo, kamar CPUID ko IRET. Cewa rubutun bayit takwas a jere yana sauka lokaci guda gaskiya ne ga bayanai, amma ba a yi maka wannan alƙawarin ga sashen da ke ɗebo umarni ba.

Na uku shi ne wanda ake yawan mantawa. Idan bayit biyar ɗin da za ka rufe sun ƙunshi ƙananan umarni biyu ko uku, wata ɗawainiya na iya kasancewa an dakatar da ita bayan na farko. In ta farka, za ta ci gaba daga tsakiyar sabon tsallenka, ta ɗauki lambar nisa a matsayin umarni. Shi ya sa ake tanadar wurin faci tun lokacin harhaɗa kenel. Da zaɓin -pg da -mfentry, kampaila na sa kira mai bayit biyar a bakin kowane fankshin, sannan a mayar da shi umarnin da ba ya yin komai, shi ma mai bayit biyar, 0F 1F 44 00 00. Umarni ɗaya ne tak, babu tsakiyar da wani zai maƙale. Windows ta yi irin wannan tunanin tun zamanin Server 2003: mov edi, edi mai bayit biyu a bakin fankshin, da fili na bayit biyar a samansa inda ake ajiye dogon tsalle.

Wanda yake ganin ana zuzuta haɗarin ya tuna abin da ya faru a 2008, lokacin gwajin Linux 2.6.27. Tsohon tsarin ftrace, kayan bibiyar fankshin na cikin kenel, yana riƙe jerin adireshin da zai yi wa faci. An saki wani memori da ke cikin jerin, aka sake ba da adireshin ga katin sadarwa na Intel mai direban e1000e, ftrace ya yi rubutu a wurin, ya lalata ma'adanar da ke cikin katin kansa. Katuna sun daina aiki ko bayan an kashe na'ura an kunna. Bayan wannan ne aka koma tattara adireshin tun lokacin harhaɗawa.

Tsayar da kowa, ko kafa tarko

Hanya mafi sauƙin fahimta ita ce stop_machine. Kenel ta tura kowace furosesa cikin wani zagaye na jira da katsewa a kashe, ɗaya ta yi rubutun, sannan a sake su. Ba wanda ke ɗebo umarni daga wurin, don haka matsala ta biyu ta kau. Farashinta shi ne duk na'urar ta tsaya cak, kuma tsawon tsayuwar ya danganta da furosesar da ta fi jinkirin amsawa. A ƙaramar na'ura ba za ka lura ba. A saba mai furosesa ɗari da wani abu, ko injin kama-da-wane wanda uwar na'urar ta ɗauke wa wata furosesa na ɗan lokaci, kowa zai jira wannan guda ɗayar. Ga mai aikin da ba ya jure jinkiri, kamar sarrafa murya ko injinan masana'anta, wannan kaɗai ya isa dalilin gujewa. Kuma stop_machine ba ta hana katsewar NMI, wadda ba a iya kashewa. Idan mai amsa NMI ya bi ta kan wurin da ake rubutu, an koma gidan jiya.

Tarkon int3 ya zo ne don a daina tsayar da kowa. Ftrace ya fara amfani da shi a 3.5 a 2012, sannan Jiri Kosina ya fitar da shi a matsayin text_poke_bp a 3.12 don sauran sassa su amfana. Dabarar ta dogara ga cewa sauya bayit ɗaya tak ba ya da rabi. Da farko a rubuta CC, wato int3, a kan bayit na farko, a aika wa duk furosesoshi saƙon su share abin da suka ɗebo. Daga nan duk wadda ta iso wurin tarko za ta faɗa, ba za ta duba sauran bayit huɗun ba. Sai a rubuta huɗun a natse, a sake aika saƙon sharewa. A ƙarshe a maye gurbin CC da bayit na farko na sabon umarni, a share karo na uku. Wadda ta faɗa tarko a tsakani, mai amsa tarkon yana kwaikwayon abin da sabon umarnin zai yi, kira ne ko tsalle ko ba komai, ya mayar da ita kan hanya. Zagaye uku na saƙonni yana da tsada idan wuri ɗaya za a sauya, shi ya sa ake tara wurare da yawa a yi musu matakan tare.

Tsakanin waɗannan biyu, a x86 babu wata gardama da ta rage: int3 ta yi nasara, kuma ita ce ke ƙarƙashin ftrace da maɓallan static key da static call. Iyakarta ita ce umarni ɗaya take sauyawa da umarni ɗaya. Kprobes, wani kayan bibiya na kenel, idan zai rufe umarni da yawa da tsalle, sai ya jira synchronize_rcu_tasks ta tabbatar duk ɗawainiyar da aka dakatar a wurin ta wuce.

A arm64 lissafin daban ne. Kowane umarni bayit huɗu ne a jere, kuma tsarin ARM ya lissafa 'yan umarnin da aka yarda a musanya da juna ana kan aiki, cikinsu har da B, BL, NOP da BRK. Sauya NOP zuwa BL ba ya buƙatar tarko. Amma ma'ajiyar umarni da ta bayanai ba sa daidaita kansu kamar a x86, don haka bayan rubutu sai an wanke layin da DC CVAU, an soke shi da IC IVAU, an bi da DSB da ISB. Wanda ya kwafi dabarar x86 ya kai ARM zai ga facinsa na aiki wani lokaci, wani lokaci a'a.

Wa zai ga sabo, kuma yaushe

Yanzu ka iya karkatar da fankshin. Saura babbar tambaya. A ce facin ya taɓa fankshin biyu: ɗaya yana kama kulle, ɗayan yana sakinsa, kuma sabon salo ya sauya wane kulle ne. Ɗawainiyar da ta shiga ta tsohon na farko ta fita ta sabon na biyu za ta saki abin da ba ta kama ba. Kowane bayit an rubuta shi daidai, amma na'ura ta faɗi.

Ksplice ce ta fara ba da amsar da aka yi aiki da ita sosai a Linux. Jeff Arnold ya ƙirƙiro ta a MIT a 2008, Oracle ta sayi kamfanin a 2011. Tana tsayar da inji, ta duba sitak ɗin kowace ɗawainiya, wato jerin fankshin ɗin da take ciki a wannan lokacin. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗanda za a sauya, sai ta dasa tsalle a bakin kowannensu, ta saki inji. Idan akwai, ta janye ta sake gwadawa jim kaɗan. Kyawun wannan shi ne sauyin na faruwa lokaci guda ga kowa: kafin wannan ƙiftawar ido duniya tsohuwa ce, bayanta sabuwa. Mai rubuta faci yana samun sauƙin tunani. Rauninta kuma a fili yake: fankshin ɗin da kullum wani ke barci a cikinsa, kamar schedule, ba zai taɓa zama babu kowa ba, kuma a na'ura mai dubban ɗawainiya ana iya yin ta gwadawa ana janyewa. Kpatch na Red Hat, da aka sanar a farkon 2014, ya ɗauki wannan salon na tsayarwa da duba sitak, sai dai ya bi ta ƙofar ftrace maimakon rubuta tsalle da kansa.

A wannan shekarar dai SUSE ta fito da kGraft da akasin tunani. Ba a tsayar da kowa. Kowace ɗawainiya tana ci gaba da ganin tsoffin fankshin har sai ta fita daga kenel ta koma ɓangaren manhaja. Daga shigowarta ta gaba sai sababbi. Babu tsayuwa, babu faɗuwar gwaji. Amma ɗawainiyar da ke barci tana jiran saƙon da ba zai zo ba sai bayan kwana uku za ta riƙe sauyin har kwana ukun, kuma zarurrukan kenel, wato ɗawainiyar da kenel ke gudanarwa don kanta, da ba sa fita ko'ina, sai an sa musu alama ta musamman.

Abin da ke cikin Linux a yau, livepatch, haɗin biyun ne. Ginshiƙinsa ya shiga 4.0 a Afrilun 2015, tsarin daidaita sauyi kuma ya shiga 4.12 a 2017. Ana sauya ɗawainiya ɗaya bayan ɗaya kamar kGraft, amma ba a jira mai barci ta farka: ana duba sitak ɗinta kamar kpatch, in babu fankshin ɗin da abin ya shafa a ciki, a sauya ta nan take. Wadda ke gudana ana sauya ta lokacin da za ta fita daga kenel. Katsewa na bin halin ɗawainiyar da ta katse, 'ya kuma tana gadon halin uwarta. Duk wannan ya rataya ne a kan a yarda da abin da sitak ya faɗa, shi ya sa aka kawo kayan aikin objtool a 4.6 da mai warware sitak na ORC a 4.14, kuma shi ya sa livepatch ya fara kankama ne a x86-64 da ppc64le da s390 kafin sauran.

Ga abin da ya kamata mai zaɓi ya riƙe. A salon Ksplice, tsoho da sabo ba sa gudana tare. A salon livepatch suna gudana tare, a ɗawainiya daban-daban, har sauyin ya kammala. Kowace ɗawainiya ita kaɗai tana cikin daidaito, amma bayanan da suke tarayya a kansu hannu biyu ne ke taɓa su. Facin da ya juya jerin yadda ake kama kulle biyu zai iya cushe na'ura a wannan tsakanin, kuma babu kayan aikin da zai gano maka haka. Mutum ne zai zauna ya karanta.

Ba kowane gyara ne ke zama faci ba

Ɓarakar Dirty Pipe, wadda Max Kellermann ya gano aka bayyana a Maris 2022, misali ce ta gyaran da ya dace sarai. Ta shafi kenel daga 5.8 zuwa sama. Sanadinta wani fili ne mai suna flags a ma'ajiyar bututu da ba a share shi lokacin sake amfani, har mai ƙaramin izini ya iya rubutu a kan fayil ɗin da karantawa kawai aka yarda masa. Gyaran layi ɗaya ne a fankshin biyu na lib/iov_iter.c: a mayar da filin sifili. Babu sabon tsarin bayanai, babu sauyin kulle, tsoho da sabo na iya zama tare. Sai dai faci rufe ƙofa yake yi, ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Idan an yi amfani da ɓarakar kafin ka saka shi, abin da aka lalata yana nan.

Mataki na gaba shi ne gyaran da ya ƙara fili a tsarin bayanai. Abubuwan da aka riga aka ware musu memori da tsohon girma suna nan da dubbansu, ba za ka faɗaɗa su ba. Tun 4.15 akwai mafita: klp_shadow_alloc yana ajiye ƙarin filin a wani teburi na gefe da adireshin abin a matsayin mabuɗi, klp_shadow_get ya ɗauko. Yana aiki, amma sabon kod dole ya jure abubuwan da aka ƙirƙira kafin faci, waɗanda ba su da inuwa, kuma in aka manta klp_shadow_free a inda ake sakin abin, memori zai riƙa yoyo a hankali. A wannan sigar ce kuma aka ƙara ƙugiyoyin da ke gudana kafin da bayan faci, don gyara wani hali da aka saita tun lokacin tashi.

Sai waɗanda livepatch ba zai iya ba. Fankshin mai alamar __init ya riga ya gudana an kuma zubar da shi. Mai alamar notrace ba shi da bayit biyar ɗin nan. Kod ɗin shiga da fita daga kenel da aka rubuta da harshen inji ba ya bi ta ftrace. Maganin ɓarakar Meltdown na Janairun 2018, wanda ya raba taswirar memorin kenel da ta manhaja, ya taɓa daidai waɗannan wurare, don haka ga masu livepatch sake kunnawa ce kawai hanya. Binciken masu Ksplice kansu, a kan manyan ɓaraka 64 daga 2005 zuwa 2008, ya nuna 56 sun shiga ba tare da an rubuta ƙarin kod ba. Adadi ne mai kyau, amma takwas ɗin da suka rage sai da mutum ya sa hannu.

Akwai kuma abin da kampaila ke yi a ɓoye. Ƙaramin fankshin da ka gyara wataƙila babu shi a matsayin fankshin a cikin kenel. An narkar da shi cikin masu kiransa goma sha biyu, kuma dukkansu sai an sauya su. GCC na kuma fitar da kwafi masu wutsiyar .isra ko .constprop ko .part, da salon karɓar bayanai da ya bambanta da abin da ke rubuce. Saboda haka kpatch-build ke harhaɗa kenel sau biyu, da gyara da babu, kowane fankshin a sashensa, ya kwatanta sakamakon. Wannan na buƙatar kampaila iri ɗaya da saiti iri ɗaya da waɗanda aka gina kenel mai gudana da su. Siga ta ɗan bambanta, sai ka ga fankshin ɗin da ba ka taɓa ba sun fito a matsayin waɗanda suka sauya. SUSE ta bi ta rubutun tushe da kayan aikinta klp-ccp, tana dogaro da zaɓin -flive-patching da ya shigo GCC 9 don rage irin waɗannan dabaru.

Na dillali, ko na kanka

Idan kenel ɗin da kake amfani da ita ta dillali ce ba ka taɓa ta ba, ɗauki facinsa. A Ubuntu, Livepatch na Canonical yana nan tun Oktoban 2016, ana kunna shi da pro enable livepatch, a duba da canonical-livepatch status, kuma kyauta ne ga mutum har na'ura biyar. A RHEL facin na zuwa a ƙunshin kpatch-patch, kpatch list kuma ya nuna abin da ke ciki. SUSE na da nata tun SLE 12. Ksplice na tare da tallafin Oracle Linux, kuma tana yi wa glibc da OpenSSL faci a cikin manhajojin da ke gudana. KernelCare, da CloudLinux ta fitar a 2014, ta dace da mai garken saba na rarraba iri-iri da yake son kayan aiki ɗaya. Kuɗin da kake biya a duk waɗannan na mutanen da suka karanta gyaran ne suka yi tambayar kulle da tsarin bayanai a madadinka. Ka kuma sani cewa yawancinsu manyan ɓaraka kawai suke rufewa, kuma kowanne yana da wa'adin da yake daina yi wa tsohuwar siga faci.

Gina naka yana da ma'ana ne kawai idan kai ke harhaɗa kenel ɗinka, kana ajiye kampaila da saiti da alamomin kowane gini, kuma akwai wanda ya san sashen da za a taɓa. Fara da samples/livepatch/livepatch-sample.c, wanda ke sauya abin da /proc/cmdline ke nunawa. Za ka ga ƙashin bayan abin: klp_func mai tsohon suna da sabon fankshin, klp_object, klp_patch, sai kiran klp_enable_patch. Idan suna ɗaya ya maimaitu a kenel, sai ka ba da old_sympos, in ba haka ba za a ƙi facin. Sa replace ya zama gaskiya, kowane sabon faci ya ƙunshi duk na baya. Wannan ya shigo 5.1, kuma ya fi jibga faci kan faci da ba wanda ya gwada haɗuwarsu.

Bayan loda modul ɗin, duba /sys/kernel/livepatch, ƙarƙashin sunan facin. Fayil ɗin transition zai nuna 1 yayin sauyi, ya koma 0 in an gama, yawanci cikin daƙiƙu. Kafin ya koma 0 ba ka rufe ɓarakar ba, ko da enabled na nuna 1. In ya daɗe, bi /proc ka duba patch_state na kowace ɗawainiya: 1 ta sauya, 0 ba ta sauya ba, -1 babu sauyin da ke gudana. Masu 0, karanta fayil ɗin stack nasu ka ga inda suka tsaya. Kenel da kanta tana zungurar su da siginar bogi kowane daƙiƙa 15, wanda ke tada mafi yawan masu barci. Waɗanda ke ƙi galibi zarurrukan kenel ne da ke zagaye a cikin fankshin ɗin da ake son sauyawa. Akwai fayil mai suna force. Rubuta masa 1 yana cewa kenel ta ɗauka kowa ya sauya alhali ba haka ba ne. Daga nan ba za a iya cire modul ɗin ba har a sake kunnawa, kuma tabbacin daidaito ya tafi. Idan ba ka karanta sitak ɗin ka gamsu ba, rubuta 0 a enabled ka janye facin ya fi.

Wasu ƙananan abubuwa da ke ɓata rana: fankshin ɗaya ba ya karɓar masu karkatarwa biyu, don haka kayan bibiya da ya riga ya kama wurin da tutar IPMODIFY zai sa facin ya ƙi shiga. Da Secure Boot a kunne, modul marar sa hannu ba zai lodu ba. Kenel za ta ɗauki tambarin K a rahoton faɗuwa, wanda masu tallafi za su tambaye ka a kansa. Kuma uname -r zai ci gaba da nuna tsohuwar siga, har na'urar binciken tsaro ta yi ta kuka a kan ɓarakar da ka riga ka rufe. Mafi muhimmanci, faci a memori yake. Ranar da wuta ta ɗauke, na'ura za ta tashi da kenel ɗin da ke kan diski, don haka ka sabunta ta ita ma ko ka tabbatar hidimar da ke sake loda facin tana kunne.

Sake kunnawa ma zaɓi ne

Idan aikinka na kan saba uku a bayan mai raba kaya, kuma za ka iya cire ɗaya ba wanda ya ji, faci kai tsaye ƙarin sarƙaƙiya ne da ba ka buƙata. Cire, sabunta, kunna, mayar. Kenel ɗin da ta tashi daga diski ita ce dubban mutane ke gwadawa. Tsohuwa mai faci shida a kanta 'yan kaɗan ne ke gudanar da irinta. Idan abin da ke damunka mintunan da babbar saba ke ɓatawa tana gwajin memori da katuna ne, kexec, da ke nan tun 2.6.13, yana tsallake wannan: kexec -l ya loda sabuwar kenel, systemctl kexec ya rufe hidimomi ya shiga cikinta. Manhajoji duk za su mutu su tashi, kuma wasu katuna ba sa son a karɓe su ba tare da an sake saita su ba, don haka gwada a irin na'urarka tukuna.

Inda faci kai tsaye ya cancanci kuɗinsa shi ne uwar na'urar da ke ɗauke da injinan mutane da yawa, rumbun bayanai mai ɗaruruwan gigabayit a memori da zai ɗauki awanni kafin ya sake ɗumi, da na'urar da ke nesa wadda in ta ƙi tashi sai an yi tafiya. A can, ka saka faci ranar da ɓaraka ta fito, ka kuma rubuta ranar sake kunnawa a kalanda tun a lokacin. Microsoft ma, a tsarinta na faci kai tsaye na Windows Server, ta ware Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba don cikakken sabuntawa da sake kunnawa. Sau huɗu a shekara ma'auni ne da ya dace da yawancin sabar Linux, kuma yana da ƙarin amfani: saba da ta shekara biyu ba ta tashi ba, ba wanda ya san ko saitin diski da na sadarwa da aka yi ta sauyawa da hannu zai dawo daidai.

Shi kuwa mai rubuta modul da ke son kama wani fankshin don bibiya ko aunawa, bai buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kprobes, ftrace da BPF sun riga sun bi ta text_poke da tarkon int3 a madadinsa, suna riƙe text_mutex, sun kuma san lokacin da aka cire modul daga ƙarƙashinsu. Text_poke ba a buɗe shi ga modul ba, da gangan aka yi haka, kuma nemo adireshinsa ta bayan gida yana nufin ka ɗauki nauyin matsaloli ukun nan na rubuta bayit biyar a kanka, a kowace siga da kowace irin furosesa.